Yadda ake zaɓen kamshaf ga injin da aka yi wa ƙari, da misalin Honda K24

Kamshaf shi ke yanke lokacin da bawul zai buɗe, da nisan da zai buɗe, da lokacin da zai rufe. Idan ka sa babba, abin da kake yi shi ne ɗauke ƙarfin injin daga ƙananan juyi ka kai shi can sama. Za ka samu ƙari daga juyi 5,500 a minti zuwa sama, amma yawanci sai ka biya da wani abu tsakanin 1,500 da 3,000, inda motar ke yin mafi yawan rayuwarta. Saboda haka kamshaf ne ake zaɓa a ƙarshe, bayan an san matsin injin, da tof silinda, da salansa, da giya, da man da za a riƙa sha.

Za mu ɗauki K24 na Honda a matsayin misali, don yana ko'ina a garejojinmu, kuma kayansa na samuwa a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Lissafin kuwa ɗaya ne ga kowane inji mai bugu huɗu.

Mataki na farko: tabbatar da injin da ke hannunka

Duba lambar da aka buga a jikin bulok kafin komai. K24 duk faɗin silindarsu mm 87 ne, tafiyar fistan mm 99, girma cc 2,354, amma kawunansu, wato tof silinda, sun bambanta ƙwarai.

K24A4 na Accord 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD, da K24A8 na 2006 da 2007, suna da matsi 9.7:1, kuma VTEC ɗinsu, wato tsarin Honda da ke sauya yadda bawul ke buɗewa gwargwadon juyin injin, na tattalin mai ne. Yana aiki a ɓangaren shigar iska kaɗai, tozo biyu ga kowace silinda; tozo shi ne tudun da ke jikin kamshaf mai tura bawul. K24A2 na Acura TSX 2004 zuwa 2008 yana da matsi 10.5:1 da tozo uku a kowane kamshaf, shiga da fita: biyu ƙanana na ƙananan juyi, ɗaya babba a tsakiya na manyan juyi. Mafi yawan kamshaf ɗin da kamfanoni irin su Skunk2, Brian Crower, Toda, Kelford da Drag Cartel ke yi, na kai mai tozo uku ne. Ba za su yi aiki a kan EOD ba sai an canza tof silinda da rokokinta, kuma fistan ɗin K24A4 an san shi da rashin ba bawul wuri idan an ɗora masa irin wannan kan. Mutane da yawa kan sayi kamshaf, ya iso, sannan su gane ba na injinsu ba ne.

Daga nan sai gwajin lafiya. Auna matsin kowace silinda injin yana da zafi, totur a buɗe gaba ɗaya. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Idan da na'urar gwajin yoyon iska, a yi shi ma. Abin da ya haura kashi 10 zuwa 15 yana nufin ringi ko bawul na neman gyara. Injin da ke shan baƙin mai ko yake kukan sarka da safe, gyara yake buƙata tukuna.

Mataki na biyu: rubuta inda kake son ƙarfin

Ɗauki takarda ka rubuta juyi biyu: inda kake son injin ya fara ja sosai, da inda za ka canza giya. Motar zuwa aiki da tafiyar Kano zuwa Abuja tana son 2,500 zuwa 7,000. Motar filin tsere tana iya zama 5,000 zuwa 8,000 ba ta damu da abin da ke ƙasa ba.

A K24 akwai iyakar da tsawon tafiyar fistan ya gindaya. A juyi 7,100, wato jan layin TSX, iyakar juyin da kamfani ya sa mata, matsakaicin gudun fistan mita 23.4 ne a daƙiƙa. A 8,000 ya kai mita 26.4, wanda ya yi yawa ga rodi da kusoshin kamfani idan za a daɗe a wurin. Famfon baƙin mai na K24, mai haɗe da sandunan daidaita girgiza, shi ma ba ya son waɗannan juyin, shi ya sa masu hawa sama da 7,500 kan canza shi da na K20A2, injin Honda mai lita 2. Ke nan kamshaf ɗin da takardarsa ta ce yana aiki har 9,000 an yi shi ne don K20 ko don bulok ɗin da aka gina daga tushe. A kan K24 na kamfani za ka biya kuɗin juyi dubu da ba za ka taɓa hawa ba.

Idan motar mai giyar otomatik ce, ka tsaya a ƙaramin kamshaf. Konbata na kamfani yana kamawa a ƙananan juyi, daidai inda babban kamshaf ya fi rauni, sai motar ta riƙa tashi daga danja kamar an ɗaure mata ƙafa.

Mataki na uku: karanta takardar kamshaf

Kowane kamshaf na kirki yana zuwa da takardar alkaluma. Wanda ba shi da ita, kar ka saya, ko da mai shagon ya rantse na tsere ne.

Tsawon buɗewa shi ne digiri nawa karanshaf ke juyawa bawul yana buɗe. Idan bawul ɗin shiga ya buɗe digiri 10 kafin fistan ya kai ƙololuwa, ya rufe digiri 50 bayan fistan ya bar ƙasa, tsawon ya zama 10 da 180 da 50, wato 240. Tarkon da ke nan shi ne wurin da aka fara ƙirge. Alkalumin talla ana ɗaukarsa ne tun bawul bai gama barin mazauninsa ba, kuma kowane kamfani da nasa wurin, don haka yakan fito babba, 290 ko 300. Wanda ake kwatantawa da shi shi ne wanda aka auna a ɗagawar inci 0.050, wato mm 1.27, kamar yadda ake yi a Amurka, ko a mm 1 kamar yadda aka fi yi a Japan da Turai. Kar ka jera na mm 1 da na inci 0.050 ka ce ɗaya ya fi ɗaya. Na mm 1 kullum zai fi da 'yan digiri ko da tozon iri ɗaya ne. Ka kuma duba ko a jikin tozo aka auna ko a kan bawul.

Nisan ɗagawa shi ne iyakar nisan da bawul ke yi daga mazauninsa. Inda akwai roka, ana ninka tsayin tozo da rabon roka: a injin LS na General Motors rabon 1.7 ne, don haka tozo mai inci 0.340 yana ɗaga bawul inci 0.578. Idan ɗagawa ta kai kwatan faɗin bawul, kusan mm 9 ga bawul mai mm 35, ƙofar ta riga ta kai girman bawul ɗin kansa, daga nan ramin tof silinda ne ke iyakance iska. Amfanin wuce wannan shi ne bawul ya daɗe a yankin da iska ke gudu sosai. A kan kai da ba a yi wa aikin rami ba, bambancin mm 12.5 da mm 13.5 ba ya kai wahalar da yake jawo wa sifirin.

Haɗuwar buɗewa ita ce ɗan lokacin da fistan ke ƙololuwa a ƙarshen fitar da hayaƙi, bawul ɗin fita bai rufe ba, na shiga ya riga ya buɗe. A manyan juyi, hayaƙin da ke fita da gudu yana janyo sabuwar iska ciki. A silo kuwa hayaƙin ne ke komawa baya ya gurɓata cakuɗin, shi ne wannan dukan ganga da wasu ke sha'awa. Sautin alamar rashin ƙonewa mai kyau ce, ba alamar ƙarfi ba. Yana kuma rage zuƙar da ke cikin manifol, wadda sabon birki ke dogaro da ita. Idan ta faɗi ƙasa da inci 12 na ma'aunin zuƙa, birki zai fara tauri a cunkoso.

A injin mai kamshaf ɗaya, kamar LS, tazarar da ke tsakanin tozon shiga da na fita an sassaƙa ta ne a jikin ƙarfen, ana rubuta ta LSA, yawanci 108 zuwa 116. Ƙaramar lamba tana ƙara haɗuwa. A K24 kamshaf biyu ne, kuma VTC yana juya na shiga gaba da baya injin yana aiki, don haka wannan tazarar a hannun mai saita kwamfuta take.

Mataki na huɗu: lokacin rufewar bawul ɗin shiga

Cikin lokuta huɗu da ke takardar, wato buɗewa da rufewar bawul ɗin shiga da na fita, wannan ne ya fi tasiri, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci.

Matsin 10.5:1 da aka rubuta yana ɗauka cewa fistan na matse iska tun daga ƙasa har sama. A zahiri matsi ba ya farawa sai bawul ɗin shiga ya rufe, kuma yana rufewa ne fistan ya riga ya kama hanyar sama. A K24, mai rodi mm 152, ga abin da lissafi ke bayarwa a kan matsi 10.5:1. Idan bawul ya rufe digiri 40 bayan ƙasa, saura wa fistan mm 90.8 cikin 99, matsin aiki ya zama kusan 9.7:1. A digiri 60 saura mm 80.4, matsin 8.7:1. A digiri 70 saura mm 73.7, matsin ya sauka zuwa 8.1:1. Sa wannan digiri 70 a kan fistan mai 9.7:1, sai ka samu 7.5:1, injin da ba ya ja sai an yi masa ihu.

Dalilin da ya sa ake jinkirta rufewar duk da haka shi ne, a manyan juyi iska na shigowa da gudun da zai sa ta ci gaba da cusa kanta ko da fistan ya fara hawa. A ƙananan juyi ba ta da wannan gudun, sai fistan ya turo ta waje ta inda ta shigo.

Abin da ake ɗauka daga nan: babban kamshaf yana son babban matsi. Masu gina injin tsere kan kai 12:1 ko fiye don su maido abin da jinkirin ya cinye. Amma matsi yana son fetur mai ƙarfin oktan. Acura ta ce a ba TSX fetur mai oktan 91 a ma'aunin Amurka, kusan 95 a ma'aunin RON, alhali a yawancin gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ne a famfo, ba ka da zaɓi. Haɗa wannan da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40, za ka ga injin mai 12:1 zai yi ta ƙwanƙwasa, mai saiti ya rage wuta don ya cece shi, ƙarfin da aka biya wa kuɗi ya tafi. Ga motar da za ta sha man famfo, a bar matsi kusa da na kamfani a zaɓi kamshaf ɗin da ya dace da shi.

VTEC yana sassauta wannan matsalar, tunda ƙananan tozo ne ke aiki a silo da cikin gari. Sai dai ka duba takardar da kyau: wasu kamshaf ɗin babban tozo kaɗai suka ƙara, wasu har ƙananan sun ƙara musu. Na farko zai yi silo kamar na kamfani. Na biyu zai fi ja a tsakiya idan an saita shi da kyau, amma silo da shan mai za su canza. Akwai kuma masu kashe VTEC gaba ɗaya, na filin tsere ne zalla.

Mataki na biyar: daidaita shi da sauran kayan

Babban kamshaf a bayan manifol ɗin hayaƙi na kamfani da siririyar salansa asara ce, don haɗuwar buɗewa ba ta aiki sai hayaƙi na fita ba tare da cikas ba. K24 da aka yi wa kamshaf yana son heda mai bututu huɗu da salansa mai faɗin inci 2.5 zuwa 3, da manifol ɗin iska irin RBC na Civic Si 2006 zuwa 2011 idan ana neman ƙarfin sama. Nozul ɗin mai ma a duba. Idan suna buɗe sama da kashi 85 cikin ɗari na lokaci a manyan juyi, sun kusa ƙurewa.

Injin mai turbo lissafinsa daban. Sau da yawa matsin hayaƙi kafin turbo ya fi matsin iskar da ke manifol, don haka doguwar haɗuwa tana turo hayaƙi cikin silinda. Kamshaf ɗin K24A2 na kamfani yana ɗaukar turbo da kyau, kuma kuɗin ya fi amfani a wurin sanyaya iska da mai.

Kada a raina kayan kamfani. A 2006 Honda ta ƙara wa TSX kamshaf ɗin shiga mai ƙarin ɗagawa da tsawo, tare da bawul ɗin shiga da ya fi na da faɗi da mm 1. Ga mai K24A2 na 2004 ko 2005, wannan kamshaf ɗin ƙari ne mai sauƙin kuɗi da ba ya neman canjin sifirin. Idan na hannu ne, a shafa kowane tozo da farce, musamman na ɓangaren fita. Rami ko ɓarewa komai ƙanƙantarsa ya isa a mayar da shi.

Idan ka tsaya tsakanin biyu ka rasa na ɗauka, ɗauki ƙaramin. Wanda ya yi ƙanƙanta zai rage maka 'yan dawakai a saman juyi. Wanda ya yi girma zai dame ka a kowace danja.

Mataki na shida: sifirin da awon tazara

Takardar za ta faɗi ko sifirin kamfani zai ɗauka. Idan ta ce a canza, a canza har da hulunansu. Sifirin da ya yi rauni yana barin bawul ya yi shawagi a manyan juyi, ya kasa bin tozo, fistan ya same shi a hanya. Wanda ya yi ƙarfi fiye da kima kuma yana cin tozo da roka, yana wahalar da sarka.

Awo uku ne ba a tsallakewa. Na farko, a cikakkiyar ɗagawa sifirin ya rage aƙalla mm 1.5 kafin zobbansa su haɗe. Na biyu, ƙasan hular sifirin kada ta kusanci robar bakin gaid ƙasa da mm 1.5. Na uku, tazarar bawul da fistan: aƙalla mm 2 a shiga, mm 2.5 a fita. Fita ya fi buƙata don yana faɗaɗa da zafi, kuma shi ne fistan ke kora daga baya.

Ana auna na ukun da yumɓun wasan yara. A shafa ɗan mai a kan bawul, a liƙa yumɓu mai kaurin mm 5 a ramukan fistan, a ɗora tof silinda da tsohon gaskit mai kauri ɗaya da sabon, a ɗaure, a sa sarka, a juya injin da hannu zagaye biyu. In ka ji ya cije, tsaya, kar ka tilasta. A cire kan, a yanka yumɓun da reza, a auna wuri mafi siranta da baniya. A K24 wannan gwajin ba shi da amfani sai an yi abu biyu: an kulle rokoki don babban tozo ya yi aiki, kuma an tura giyar VTC zuwa iyakar gabanta. Idan ba a yi haka ba, ƙaramin tozo ka auna, kuma zai nuna maka wuri mai yawa da babu shi.

Giyar VTC ta K24A2 digiri 25 take juyawa. Ta K20A2 tana kai 50, kuma mutane na son sa ta don tana ƙara ƙarfin tsakiya. Da babban kamshaf, digiri 50 na iya kai bawul ɗin shiga ga fistan, ko ya haɗa shi da bawul ɗin fita. Iyakar da aka sa a kwamfuta ba ta isa kariya ba, don VTC da matsin mai yake aiki kuma yakan zarce inda aka ce ya tsaya. A sa ƙarfen tsayarwa a cikin giyar a digiri 40 ko inda awonka ya nuna.

Mataki na bakwai: ɗaurawa

A kawo silinda ta ɗaya ƙololuwa, alamomin giyoyin kamshaf biyu suna kallon juna. A kulle tenshina da fil kafin a sassauta sarka. A kwance kusoshin mazaunin kamshaf kaɗan-kaɗan bisa jerin da littafin gyara ya nuna, don kamshaf na iya lanƙwasa ko ya karye idan an saki gefe ɗaya sifirin na tura ɗayan. Rokoki a ɗaure su da roba kada fil ɗin VTEC su zube su cakuɗe.

A shafa man haɗa inji a kowane tozo da mazauni. Kusoshin mazauni masu mm 8 ana ɗaure su Nm 22, masu mm 6 kuma Nm 12, da sifana mai ma'auni, daga tsakiya zuwa waje. Giyar VTC sai tana buɗe, ba a kulle ba, ake ɗaure kusarta, kuma a riƙe kamshaf da sifana a wurin da aka tanada, kada a bar sarka ta ɗauki nauyin. Tenshina kuwa, mai tsuke sarka, a sa sabo. Tozo mai tsini da sifirin mai ƙarfi suna fizgar sarka, haƙoran tsohon tenshina su cinye, sarka ta tsallake haƙori, bawul su lanƙwashe. Idan sarkar ta miƙe, ita ma a canza ta da jagororinta.

Gibin bawul ana saita shi injin yana sanyi. Na kamfani a K24A2 mm 0.21 zuwa 0.25 ne a shiga, mm 0.25 zuwa 0.29 a fita, amma idan takardar sabon kamshaf ta faɗi nata, ita ake bi. A juya injin da hannu zagaye biyu, a sake duba alamomi kafin a taɓa makulli.

Rokokin K24 masu taya ne, don haka ba sa buƙatar horon da ake yi wa tsofaffin injuna masu tafet shimfiɗaɗɗe, inda ake riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30 da mai mai sinadarin zinc. Sabon sifirin dai a bar shi ya yi zafi ya huce sau ɗaya ko biyu kafin a hau manyan juyi.

Mataki na takwas: saitin kwamfuta

Kwamfutar kamfani ba ta san an canza komai ba. Za ta ba da mai da wuta na tsohon kamshaf, ta kunna VTEC a juyi 6,000 kamar da. Sai an sake mata taswira da Hondata ko KTuner ko wata kwamfuta mai zaman kanta, tare da na'urar auna iskar hayaƙi mai faɗin zango. Kuɗin wannan a sa shi cikin lissafi tun ranar farko; in babu mai saitin da za ka iya kaiwa gare shi, a bar kamshaf ɗin kamfani.

Mai saiti zai kulle VTC a digiri 0, ya daidaita mai da wuta, ya maimaita a 10, 20, 30 har iyakar da aka auna, a ƙaramin tozo sannan a babba. A kowane juyi sai ya zaɓi kusurwar da ta fi ba da ƙarfi. Wurin kunna VTEC shi ne inda layin ƙarfin ƙaramin tozo ya gicciye na babba, sau da yawa tsakanin 4,500 da 5,500 a injin da ke numfashi da kyau. Idan an dace, ba za ka ji fizga ba lokacin da ya shiga. Fizgar tana nuna an makara. A cikakken totur ana neman cakuɗin iska da mai kusan 12.8 zuwa 13.2 ga injin da ba turbo, kuma a yi saitin da irin man da motar za ta riƙa sha, da rana tsaka.

Idan matsala ta biyo baya, alamarta kan nuna tushenta. Mota na mutuwa a danja: a ɗaga silo zuwa 900 ko 1,000 a gyara mai a wurin. Ƙarfi ya yanke kwatsam kusa da jan layi da wani sauti mai kaushi: bawul na shawagi, a sauke iyakar juyi har a canza sifirin. Ƙara kamar ta keken ɗinki daga sama: gibin bawul ya yi yawa. Silinda ɗaya ta rasa matsi bayan an taka sosai: bawul ya taɓa fistan, a buɗe kan kafin a sake tayarwa. Bayan kilomita 1,000 a canza baƙin mai da filta, a buɗe murfin sama, a sake auna gibin bawul, a duba fuskar kowane tozo da tayar kowace roka da tocila.